Josephine Baker: Mawaƙiyar da Faransa ta ba lambar yabo, Amurka ta buɗe mata fayil

Duk wanda ya jima a aikin gwamnati ya san nauyin fayil. Abin da wani jami'i ya rubuta a gefen takarda cikin minti biyu yana iya bin mutum shekara ashirin. Josephine Baker, mawaƙiya kuma 'yar wasan fim haifaffiyar Amurka da ta rasu a 1975, gwamnatoci biyu ne suka ajiye takardu a kanta. A Paris, takardun sun nuna ƙaramar hafsa ce a rundunar sojan sama, mai lambobin yabo na yaƙi. A Washington kuwa, hukumar FBI ta tara mata fayil irin na wanda ake zargi da ɓata sunan ƙasa da kusantar 'yan gurguzu. Ɗabi'a ɗaya ce ta jawo mata duka biyun, wato ƙin yarda a ƙasƙantar da mutum saboda launinsa ko asalinsa.

An haife ta ranar 3 ga Yunin 1906 a birnin St. Louis na jihar Missouri, aka raɗa mata suna Freda Josephine McDonald. Mahaifiyarta Carrie wankau take yi. Tun tana shekara takwas aka kai yarinyar aikatau gidajen fararen fata, karatun boko kuma bai yi nisa ba. A Yulin 1917, tana da shekara goma sha ɗaya, fararen fata suka far wa unguwannin baƙaƙe a East St. Louis, tsallaken kogin Mississippi, suka kashe mutane da dama, suka ƙone gidaje. Wannan tashin hankali bai bar zuciyarta ba har ta tsufa. Ta yi aure tana shekara goma sha uku, auren bai je ko'ina ba. Ta sake wani tana sha biyar, shi ma ya mutu, sai dai ya bar mata sunan Baker.

Ta bi ayarin masu wasa har New York, inda ta samu shiga wasan Shuffle Along. Ƙarshen layin 'yan rawa aka sa ta, matsayin da ba a lura da mai shi. Ita kuwa sai ta mai da shi jari: ta riƙa yin kamar ta manta takun rawar, tana harhaɗe idanu, 'yan kallo suna ta dariya, har ya zamana ita ake zuwa gani.

A 1925 aka ɗauke ta cikin wani ayari zuwa Faransa. Ranar 2 ga Oktoba suka buɗe wasan La Revue Nègre a Paris, kuma cikin 'yan makonni yarinya 'yar shekara goma sha tara ta zama abin magana a birnin. A nan akwai abin da bai kamata a rufe ba. Rawar da ta fito da ita, da suturar da ba ta rufe komai ba, har da ɗamarar ayabar roba da ta ɗaura a dandalin Folies Bergère a 1926, duk an tsara su ne don gamsar da tunanin Turawan wancan zamani game da Afirka, cewa daji ce ta tsiraici da kiɗan ganga. Wadda aka sa ta wakilci wannan Afirka kuwa ba ta taɓa taka nahiyar ba. A lokacin Faransa na mulkin ƙasashe tun daga Dakar har Damagaram da Cadi, kuma irin wannan hoto yana yi wa mulkin mallaka amfani. Da aka shirya babban bikin baje kolin ƙasashen mallaka a Paris a 1931, har an zaɓe ta sarauniyar bikin, sai aka yi ca a kan cewa Ba'amurkiya ce, ba 'yar wata ƙasar mallaka ba, aka janye.

Ba ta tsaya a rawa ba. Ta koyi Faransanci, ta horar da muryarta har ta ja ragamar wasan waƙe na Offenbach mai suna La Créole a 1934. A fim, ta fito a La Sirène des tropiques a 1927, sannan Zouzou a 1934 tare da Jean Gabin, da Princesse Tam-Tam a 1935, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Tunisiya. Ba ƙaramin abu ba ne a wancan lokaci baƙar mace ta zama jarumar babban fim, alhali a Hollywood matsayin baiwa ko kuku ake ba irinta. Amma labaran suna da iyakar da ba sa ƙetarewa. A Zouzou, mai wanki ce da ta zama tauraruwa, shi kuwa wanda take so ƙawarta farar fata ya zaɓa. A Princesse Tam-Tam, makiyayiya ce da wani marubuci Bafaranshe yake son ya waye da ita, a ƙarshe labarin ya mayar da ita inda aka ɗauko ta.

Ta koma New York don wasan Ziegfeld Follies na 1936, tana zaton sunan da ta yi a Turai zai buɗe mata ƙofa. Jaridu suka yi mata kaca-kaca, otal-otal suka nuna mata launinta. Ta dawo Paris, ta auri wani ɗan kasuwa Bayahude, Jean Lion, ta karɓi takardar zama 'yar Faransa ranar 30 ga Nuwamban 1937.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, wani hafsan leƙen asirin sojan Faransa, Jacques Abtey, ya nemi ta yi musu aiki, ta amince ba tare da neman albashi ba. Aikin farko mai sauƙi ne a ido: ta halarci liyafar ofisoshin jakadanci, musamman na Italiya da Japan, ta saurari abin da ake faɗa. Masu rakiyar manyan jami'ai zuwa irin waɗannan tarurruka a Abuja sun san yadda baki ke sakewa idan an ci an sha, balle a gaban tauraruwar da kowa ke son ya burge. Bayan Jamus ta mamaye Faransa a 1940, ta ƙi yin wasa a Paris, ta koma gidan sarautar Milandes da take haya a yankin Dordogne. A Nuwamban wannan shekara ta bi ta Sifaniya zuwa Lisbon da sunan tafiyar wasa, Abtey yana biye da ita da takardun bogi a matsayin ma'aikacinta, bayanan sojan Jamus kuwa an rubuta su da tawada marar ganuwa a jikin takardun waƙoƙinta. Shahararta ce fasfonta na gaskiya, domin jami'in kan iyaka ba ya tsananta wa wadda yake murnar gani. Da an kama ta, baƙar mace da ta auri Bayahude, ba sai an faɗi makomarta a hannun 'yan Nazi ba.

A farkon 1941 ta ƙetara zuwa Aljeriya, daga nan Maroko. Can ciwo mai tsanani ya kwantar da ita a wani asibiti a Kasablanka fiye da shekara ɗaya da rabi, har aka yi ta raɗe-raɗin ta mutu, amma ɗakin jinyar ya zama wurin ganawar masu adawa da mamaya. Da ta miƙe, ta zagaya sansanonin sojan ƙawance a Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya tana waƙa, tana tara wa rundunar Janar de Gaulle kuɗi, tana kuma nacewa sojan baƙi da fari su zauna wuri ɗaya. A 1944 aka ba ta muƙamin ƙaramin laftana a sashen mata na sojan sama. Ta samu lambar gwagwarmaya a 1946, aka kuma liƙa mata Légion d'honneur da Croix de guerre a 1961.

Mai karatu a wannan yanki zai so ya tuna cewa Faransar de Gaulle a Afirka ta fara samun wurin tsayawa. Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyana ta Faransa kuma gwamnan Cadi, maƙwabciyar Borno, shi ya miƙa wuya gare ta a Agustan 1940, yayin da Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942. Dubban 'yan Afirka sun yi wannan yaƙi. A Disamban 1944, shekarar da aka ɗaura wa Josephine anini, sojan Faransa suka buɗe wuta a Thiaroye kusa da Dakar kan 'yan Afirkan da suka dawo daga fursunan yaƙi suna neman haƙƙinsu na albashi. Harshenta mai kaifi ne a kan wariyar Amurka, amma bai yi wannan kaifi a kan mulkin mallakar Faransa ba, ko a shekarun yaƙin Aljeriya. Ta riƙe wa de Gaulle amana har ƙarshe, ta fito cikin gangamin goyon bayansa a Paris a Mayun 1968. A ganina wannan shi ne babban giɓi a tarihinta.

Fayil ɗin Washington ya yi kauri ne daga 1951. A rangadin da ta yi a Amurka a shekarar, ta sa sharaɗi a kwantiraginta cewa ba za ta yi wasa inda aka hana baƙaƙe shiga ba, kuma gidan rawa na Copa City a Miami ya sauko ya yarda. Ƙungiyar NAACP ta keɓe mata rana guda a Harlem a watan Mayu. A Oktoba kuwa ta shiga Stork Club a New York, aka bar ta zaune ba a kawo mata abincin da ta nema ba. Ta kai ƙara, ta kuma zargi fitaccen ɗan jarida Walter Winchell, wanda yake wurin, da yin shiru. Shi kuma ya mayar da martani a shafinsa yana jinginata da gurguzu, zargin da a wancan zamani ya isa ya kashe sana'ar mutum. Kwantiragi suka fara zubewa. Da ta je Ajantina a 1952 ta ci gaba da magana kan wariya, jami'an diflomasiyyar Amurka suka shiga bin sawunta a Kudancin Amurka, suna matsa wa masu shirya wasa su soke. Shekaru ta yi tana shan wahalar samun izinin shiga ƙasar da aka haife ta. Ranar 28 ga Agustan 1963 ta tsaya a gaban taron Washington sanye da kakinta na soja da lambobinta, ta yi jawabi kafin Martin Luther King, tana cikin mata ƙalilan da aka ba lasifika a ranar.

A Milandes, wanda ta saya a 1947 bayan ta auri makaɗi Jo Bouillon, ta ɗauki riƙon yara goma sha biyu daga ƙasashe irin su Japan, Finland, Kolombiya, Aljeriya, Kwaddibuwa da Benezuwela, don ta nuna cewa launi da addini ba sa hana zama ɗaki ɗaya. Niyyar kyakkyawa ce, ko da yake mayar da gidan wurin yawon buɗe ido, inda baƙi ke biya su ga yaran, abu ne da har yau ake sukarta a kai. Ba ta iya tattali ba. Bashi ya taru, mijin ya tafi, aka yi gwanjon gidan a 1968. A Maris na 1969 aka fitar da ita da ƙarfi, 'yan jarida suka ɗauki hotonta zaune a bakin ƙofar kicin, tana da shekara sittin da biyu. Gimbiya Grace ta Monako, ita ma tsohuwar 'yar fim ɗin Amurka, ita ta samar mata da yaran matsuguni a Roquebrune.

Ta koma dandali don biyan bashi. A 1973 'yan kallo a Carnegie Hall na New York suka miƙe tsaye suna tafa mata. Ranar 8 ga Afrilun 1975 ta buɗe wasan cikarta shekara hamsin a sana'a a gidan wasa na Bobino a Paris. Bayan kwana biyu aka same ta a sume sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, ta cika ranar 12 ga wata tana da shekara 68. An yi mata jana'iza da faretin soja a Paris, aka binne ta a Monako.

Ranar 30 ga Nuwamban 2021, shekara 84 cif da zamanta 'yar ƙasa, Shugaba Emmanuel Macron ya shigar da sunanta Panthéon, makwancin gwarazan Faransa, inda aka kai Éboué tun 1949. Ita ce baƙar mace ta farko da ta samu wannan matsayi. Iyalinta sun nemi a bar gawar a Monako, don haka akwatin da sojojin sama suka ɗauka ƙasa ce a cikinsa, wadda aka ɗebo daga St. Louis, Paris, Milandes da Monako.