Malam Aminu da Kujerar Kano ta Gabas

Duk wanda ya taɓa kwana biyu a Kano ya san sunan Malam Aminu Kano ba ya ɓuya. Filin jirgin sama da sunansa, asibitin koyarwa na titin Zariya da sunansa, ga kwalejin shari'a, ga titi guda. Ni dai har na shigo makarantar nan ina ɗauka mutumin da aka cika gari da sunansa haka, ai ba a taɓa kayar da shi zaɓe a garin ba. Sai a hutun da ya wuce, muna zaune da kakana a soro bayan la'asar, na faɗi haka, tsoho ya yi ta dariya har da tari. Shi ɗan NEPU ne tun yana saurayi yana koyon ɗinki, kuma ya ce da ni a zamaninsu faɗuwar Malam ta fi cinsa yawa. Na yi musu. Da na koma na bincika, sai na tarar tsohon nan bai ƙara gishiri ba: 1954 Malam ya faɗi, 1956 ya faɗi, 1959 ya ci, 1964 ya sake faɗuwa. Uku daga cikin zaɓukan nan a mazaɓa mai suna Kano ta Gabas aka yi su, sunan da yau ba za ka same shi a takardar hukumar zaɓe ba. Yanzu abin da muka sani a majalisar wakilai shi ne Dala, Fagge, Gwale, Birni da Kewaye da sauransu, a majalisar dattawa kuma Kano ta Tsakiya da ta Arewa da ta Kudu. Gabas ɗin ta tafi da Jamhuriya ta Farko.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne, mufti a kotun alƙali, daga zuriyar Gyanawa waɗanda aka sani da ilimin shari'a. Wannan yana da muhimmanci, domin mutumin da ya zo ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da zaluncin kotunan En'e a cikin gidan shari'a ya tashi, ya san abin daga ciki. Ya yi firamaren Shahuci, ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna wadda daga baya ta koma Barewa, ya gama a 1942. Daga nan aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi.

A Bauchi ne idonsa ya ƙara buɗewa. Can ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zama masa kamar malami a siyasa, kuma can ya yi aiki tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Suna da wani zaure na muhawara inda ake tattauna yadda En'e ke tafiyar da mulki, har abin ya fara damun hukuma. A 1946 ya tafi Landan karatun koyarwa, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, sannan aka ɗauke shi aka kai Maru a lardin Sakkwato ya shugabanci kwalejin horar da malamai. A 1950 ya ajiye aiki. Ku tsaya ku duba wannan da kyau: shekararsa talatin, yana da albashi, yana da ilimin da a lokacin masu irinsa a Arewa ba su da yawa, hanyar babban muƙami a buɗe take a gabansa. Mu da muke zullumin inda za mu samu aiki bayan difloma mun san nauyin abin da ya ajiye.

A ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta. Malam ba ya cikin takwas ɗin, yana Maru a lokacin, amma da ya dawo ya shiga, a 1953 ya zama shugabanta. Manufarsu a fili take: talaka ya samu sawaba daga haraji da aikin tilas da hukuncin son rai.

To, ina ƙuri'un talakawan suka shige, tun da su suka fi yawa? Tambayar da na yi wa kakana ke nan, kuma amsar tana cikin yadda ake zaɓen. A 1951 ba kai tsaye ake zaɓe a Arewa ba, hawa-hawa ake yi. Mutanen unguwa su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi wasu, a yi ta tacewa har a kai matakin ƙarshe na lardi, inda 'yan tsiraru za su fitar da 'yan majalisa. A matakin ƙarshen nan En'e tana da ikon cusa nata mutanen da ba wanda ya zaɓe su. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko cikin birnin Kano, amma kafin a kai sama an tace ta tas, ba ta samu ko kujera ɗaya daga Kano a majalisar Kaduna ba. Ban da wannan, ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari na En'e ne, kuma izinin yin lacca a wurin En'e ake nema, alhali manyan En'e ɗin su ne manyan NPC. Ga 'yan Mahaukata da ke tarwatsa taro da duka. Kakana ya nuna min tabo a ƙaurinsa da ya samu wajen tsallake katanga ranar da aka watsa wata lacca. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan jam'iyyar, ta sha ɗauri sau da dama.

A zaɓen tarayya na 1954 Malam ya nemi kujerar birnin Kano, wanda ya kayar da shi kuwa ba wani ba ne illa Maitama Sule, ɗaya daga cikin 'yan NEPU na farko, wanda a lokacin ya koma NPC. Shekarunsa ashirin da biyar. A 1956 aka yi zaɓen majalisar Jihar Arewa, Malam ya tsaya a Kano ta Gabas, Alhaji Ahmadu Ɗantata, ɗan attajirin nan Alhassan Ɗantata, ya kayar da shi. Wato sarauta da dukiya sun haɗa kai a gefe guda, shi kuma abin da yake da shi bakinsa ne da masu ɗinki da mahauta da 'yan koli da almajirai. Kuma rabin mutanen da ya fi yi wa magana ba su da ƙuri'a ma, domin matan Arewa ba su fara jefa ƙuri'a ba sai a ƙarshen shekarun 1970, abin da NEPU ta yi ta nema tun farko ana yi mata kallon mai son lalata gidajen mutane.

Sai 12 ga Disamba 1959. Wannan karon kowane namiji baligi zai jefa ƙuri'arsa kai tsaye, a ɓoye. Kowane ɗan takara da akwatinsa a cikin rumfa, an manna alamar jam'iyya a jiki: NPC fartanya, NEPU tauraro. Ka shiga kai kaɗai, ba mai unguwa a bayanka, ka saka takardarka inda ranka ya so. Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar wakilai ta Legas. Kakana ya ce a daren nan bai ga wanda ya yi barci a layinsu ba. Amma in aka duba Arewa baki ɗaya murnar ƙarama ce: cikin kujeru 174 NPC ta kwashe 134, NEPU ta tashi da takwas.

Nan ne kuma labarin ya murɗe, kuma nan ne nake ganin masu ba da tarihin Malam suke saurin wucewa. NEPU tana ƙawance da NCNC ta Azikiwe, ita kuma NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista. Sai ga Malam, babban ɗan adawar NPC a gida, ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Legas. A majalisa yana zaune a sahu ɗaya da mutanen da a Kano da ƙauyukanta 'yan dokarsu ke kama magoya bayansa. Ya yi aiki, an sa shi cikin tawagar Najeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi magana a kan mulkin mallaka da wariyar launin fata. Amma ɗan NEPU da ke ɗaure a gidan yarin En'e me wannan ya ƙara masa? Ni a ganina wannan zaman ya rage wa jam'iyyar kaifi, ko da yake ban san wace hanya ce ta rage masa ba, tun da in ya fasa ƙawancen ya rasa 'yar inuwar da yake samu daga Kudu. Na faɗa wa kakana haka, bai ji daɗi ba, amma bai ce ƙarya na yi ba.

A 1963 gwamnatin Sardauna ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare. Wani abin mamaki, mutanen Sarkin da suka yi shekaru suna gallaza wa NEPU sai ga wasunsu sun fusata da NPC sun kafa tasu jam'iyyar ta mutanen Kano, har ta zo ta haɗa kai da NEPU. Da zaɓen 30 ga Disamba 1964 ya zo, ƙasa ta rabu gida biyu, NPC da abokanta a gefe, babban ƙawancen UPGA da NEPU ke ciki a ɗaya gefen. A wurare da yawa a Arewa an hana 'yan adawa ko miƙa takardar tsayawa, aka ce 'yan NPC sun ci ba hamayya. Ana gab da zaɓe UPGA ta ce a ƙaurace, magoya baya suka rikice, wasu suka fita wasu suka zauna a gida, a Arewa kuma aka yi zaɓen ba a fasa ba. Kano ta Gabas ta koma hannun Alhaji Mahmud Ɗantata na NPC, mutumin da ya kafa kamfanin jigilar alhazan nan da Wapa ta Fagge ta samo sunanta daga gare shi. Wa ya kayar da Malam a 1956, ƙani ya kayar da shi a 1964.

Shi ma Mahmud ɗin bai daɗe a kai ba. Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka yi juyin mulki, aka rushe majalisa, aka haramta jam'iyyu. Daga nan ba a sake zaɓen ɗan majalisar wakilai da sunan Kano ta Gabas ba.

A nan zan ɗan ratse. A zaɓen ƙungiyarmu ta ɗalibai na bara na ga wanda ya faɗi da 'yan ƙuri'u, kafin a kwana uku yana ɗaukar hoto da wanda ya yi ta zagi a kamfe, ana ce masa mai ba da shawara na musamman. Ban ga laifinsa sosai ba, kowa ya san yadda abin yake. Na dai tuna cewa tsakanin 1950 da 1959 Malam ya yi shekara tara ba albashi ba kujera, ƙofar NPC kuwa a buɗe take, wasu abokansa sun shiga sun zama ministoci.

Bayan juyin mulki ya yi aiki da gwamnatin Gowon daga 1967, kwamishinan sadarwa na tarayya, daga baya na lafiya, har 1974. Da aka dawo siyasa a 1978 ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya zo na huɗu cikin biyar da ƙuri'a wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, amma a Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, ya yi kaca-kaca da kowa. Shagari bai kai kashi 25 cikin ɗari a Kano ba, kuma wannan giɓin ne ya jawo shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku da ta kai har Kotun Ƙoli. Wannan shi ne karo na farko da matan Arewa suka zaɓi shugaban ƙasa. PRP ta ci gwamnan Kano da Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Balarabe Musa, su biyun kuma suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta fara kuka a kai shekara kusan talatin kafin nan.

Daɗin bai jima ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi tare da gwamnonin, 'yan taɓo tare da Malam, aka koma zagin juna tsakanin mutanen da suka sha ɗauri tare. A 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Malam yana shirin sake tsayawa a 1983, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, sai Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu 1983, watanni kaɗan kafin zaɓe.

A gidansa na Gwammaja aka binne shi, gidan da yanzu ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero. Kafin a dawo hutu na je na gani. Ɗakunan da ya zauna suna nan, ƙanana, ba abin da zai nuna maka mai gidan ya yi shekara bakwai yana kwamishinan tarayya. Na so in tafi da kakana, na ce zan ɗauko Adaidaita Sahu har ƙofar gida, ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba, kuma shi rabonsa da gidan tun ranar jana'iza. Sai ya aike ni da addu'a, ya kuma ce in duba masa ko akwai hoton tauraron NEPU a bango.