Honda Ma Yaron Gareji Ne

Kai da kake miƙa wa oga sifana a garejin babur a Dutsin-Ma ko Kurfi, abokai na yi maka dariyar baƙin mai, ka san Soichiro Honda kuwa? Ɗan maƙeri ne mai gyaran keke, an haife shi a Japan a 1906. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo koyon kanikanci, sai aka fara ba shi renon jaririn maigida, ka ji fa! Ya daure shekara shida. Da ya ƙera ringin fistin, Toyota ta gwada 50, uku kacal suka tsallake, dole ya koma aji koyon sarrafa ƙarfe. A 1946 ya fara ɗaura wa kekuna tsofaffin injinan sojoji, 1948 ya kafa kamfanin Honda. Ya mutu a 1991.