Habib Burgiba: Shugaban Da Tsufa Ya Kama Bai Sani Ba

An haifi Habib Burgiba a Monastir, wani gari na bakin teku a ƙasar Tunisiya, cikin shekarar 1903, sa'ad da Faransawa ke riƙe da ƙasar. Ya yi karatun lauya a Faris, ya komo gida a 1927, ba da jimawa ba kuwa ya shiga siyasa. A 1934 shi da abokansa suka kafa jam'iyyar Neo-Destur. Faransawa sun sha ɗaure shi, wani lokaci a hamadar kudancin ƙasar, wani lokaci a Faransa, amma duk bai saduda ba, har Tunisiya ta sami mulkin kai ran 20 ga Maris, 1956. Da shekara ta kewayo aka tuɓe sarkin ƙasar, watau Bey, aka kafa jamhuriya, Burgiba ya zama shugabanta na farko.

Ya yi aiki, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Ya baza makarantu har ƙauyuka, ya sa 'yan mata a ciki. Dokarsa ta zaman iyali ta 1956 ta hana auren mace fiye da ɗaya, ta ce ba saki sai a gaban alƙali, abin da ya haɗa shi da malamai da yawa. Mutum ne mai kaifin basira da zalaƙar magana, ga kuma son a yabe shi.

Lafiya ta fara gagararsa a 1967 da ciwon zuciya, ciwon hanta ya biyo baya a 1969, ya yi ta zuwa jiyya ƙasashen waje. A Janairun 1974 ya sa hannu da Gaddafi a tsibirin Jerba cewa Tunisiya da Libiya sun zama ƙasa ɗaya, cikin 'yan kwanaki maganar ta wargaje. Duk da haka a 1975 majalisa ta mai da shi shugaba har iyakar ransa. Wannan babban ganganci ne, don an ɗaure ƙasa ɗungum ga ƙwaƙwalwar mutum guda wanda ya haura shekara 70.

Gigin tsufa yana da wani mugun hali da mutane ba su cika lura da shi ba. Sau da yawa mai ciwon bai san yana da shi ba. A 1914 wani likitan Faransa, Joseph Babinski, ya yi bayanin masu shanyewar ɓarin jiki waɗanda ke dagewa cewa lafiyarsu lau, ya raɗa wa abin suna anosognosiya, watau rashin sanin ciwon kai. Daga baya likitoci suka tarar haka yake ga da yawa daga masu ciwon mantuwa. Ba taurin kai ne ba, ba kuma ƙarya suke yi ba. Sashen ƙwaƙwalwa da ke auna mutum, ya gaya masa ya yi kuskure, shi ma ciwon yana cin sa. Sai mutum ya zauna da sanin kansa na dā, yana ganin har yanzu shi ne gwanin jiya. Idan kuɗi ya ɓace, sace shi aka yi. Idan an tuna masa abin da ya faɗa da safe, sharri ake yi masa. Ciwon na ƙara nisa, ƙorafin mantuwa na raguwa.

A gidan talaka 'ya'ya sukan lallaba tsoho, su karɓe mabuɗin mota da lissafin kuɗi. To, wa zai karɓe alƙalami daga hannun shugaban ƙasa? A fadar Kartej na kusa da Burgiba su ne suka fi kowa amfana da rashin saninsa. Talbijin na gwamnati yana ta maimaita tsofaffin jawabansa, yana nuna shi yana iyo a teku da bazara. A Janairun 1984, bayan tarzomar tsadar burodi da ta ci rayuka da dama, ya fito ya soke ƙarin farashin, jama'a suka cika titi suna yi masa kirari. Mai irin wannan farin jini yaya zai yarda ya gaza?

Daga nan abin ya ta'azzara. Cikin 1986 kaɗai ya kori ɗansa daga muƙamin mashawarci, ya sallami Firayim Minista Muhammad Mzali, ya saki matarsa Wasila, 'yar 'yar'uwarsa Sa'ida Sassi ta zama mai iko da ƙofarsa. Yakan naɗa mutum yau, gobe ya warware. A Satumbar 1987 kotu ta yanke wa Rashid Gannushi, jagoran masu ra'ayin Musulunci, ɗaurin rai da rai, Burgiba ya nace sai an sake shari'a an yi hukuncin kisa, alhali ministocinsa na tsoron ƙasa za ta kama da wuta.

Ran 2 ga Oktoba ya naɗa Zainul Abidina Ben Ali Firayim Minista. A daren 6 ga Nuwamba Ben Ali ya tara likitoci bakwai, suka sa hannu cewa shugaba ba zai iya aikinsa ba. Da gari ya waye ran 7 ga wata, ya karɓi mulki bisa sashe na 57 na tsarin mulki, ba a zubar da jini ba. An tsare Burgiba a Mornag, sa'an nan a 1988 aka mai da shi Monastir, inda ya zauna ƙarƙashin gadi, ba mai ganinsa sai da izini. Ya rasu ran 6 ga Afrilu, 2000, yana da shekara 96. An binne shi a hubbaren da ya gina wa kansa a garin, gwamnatin Ben Ali kuwa ba ta bari an nuna jana'izar kai tsaye a talbijin ba.