Otto Böhtlingk: Mutumin da Ya Ba Nahawun Panini Rayuwarsa

A wannan fitowa na ga ya dace in kawo muku tarihin wani masani wanda ya nuna cewa ilimi ba ya son gaggawa.

An haifi Otto Böhtlingk a birnin San Fitasbag na ƙasar Rasha a shekarar 1815, iyayensa kuwa asalinsu Jamusawa ne. Ya fara da karatun Larabci da Farisanci, daga baya ya tafi Balin da Bon a Jamus, inda ya duƙufa a kan Sanskirit, tsohon harshen malaman Indiya.

Abin da ya ja hankalinsa shi ne littafin Panini, wani malamin nahawu da ya rayu ɗaruruwan shekaru kafin miladiyya. Littafin nan, Ashtadhyayi, babi 8 ne, ƙa'idodinsa kuma kusan 4,000. Kowace ƙa'ida gajera ce ƙwarai, wata ma kalma biyu ce ko uku, kuma tana jingine da waɗanda suka gabace ta. Wanda ya kuskure ɗaya, to sauran sun kuɓuce masa. Shi ya sa ba a karanta shi sai da malami ko sharhi.

Böhtlingk bai kai shekara 26 ba ya buga littafin tare da bayani, tsakanin 1839 da 1840. Bai tsaya nan ba. A 1851 ya fitar da nahawun harshen Yakut na Saberiya, harshen da a lokacin kusan ba shi da rubutu. Sannan shi da abokin aikinsa Rudolf Roth suka shafe fiye da shekara 20 suna haɗa ƙamusun Sanskirit, juzu'i 7, aka kammala a 1875.

Abin da ya fi burge ni shi ne, yana da shekara 72, a 1887, ya sake komawa kan Panini, ya fitar da sabon bugu tare da fassarar Jamusanci. Har yau masu bincike na amfani da shi. Ya rasu a Laifzig a 1904.

Malamanmu da suka sha fama da mu a kan nahawu, ga ɗan'uwanku a sana'a. Mu kuma da muke ƙorafin shekaru sun ja, sai mu sake lissafi.