John Charnley, likitan da ya ƙera kwatangwalon roba amma ya yi ɗari-ɗarin sa wa matasa

An haifi John Charnley a garin Bury na Ingila a 1911. Ya karanci likitanci a Manchester, ya yi aikin likitan soja a Alƙahira lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma a asibitin Wrightington ne sunansa ya fito, inda ya duƙufa kan sauya gaɓar kwatangwalon da ta lalace.

Gwajinsa na farko bai yi kyau ba. Robar Teflon da ya sa wa marasa lafiya kusan 300 ta riƙa cinyewa, ɓarɓashinta na lalata nama, dole ya sake yi wa da yawansu tiyata. Har cusa ɓarɓashin ya yi a cinyarsa don ya ga illar da idonsa. A watan Nuwamban 1962 ya koma wata roba mai ƙwari, ya haɗa da ɗan kan ƙarfe mai faɗin milimita 22 da simintin ƙashi, kuma tsarin ya karɓu a duniya.

Duk da haka, tsofaffi ya fi yarda ya yi wa. Matashi ba ya zama wuri guda, shekarun da ke gabansa suna da yawa, roba kuwa cinyewa take yi. Fargabar nan ce har yau ke gaban saurayin Tanout ko Belbeji da amosanin jini ya kashe wa kan ƙashin cinya yana ɗan shekara 18. Ko da dangi sun haɗa kuɗi an kai shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, akwai yiwuwar a sake buɗe shi wata rana.

Charnley ya rasu a 1982, shekara biyar bayan Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir.