Rudolf Diesel, Mutumin da Mai Ya Ci Sunansa

Kullum muna jin ƙarar injin niƙa a unguwa, muna kuma ganin manyan motoci suna wucewa ta Birnin Kudu da Gwaram. Yawancinsu man gas suke sha, wato dizal. Ashe dizal sunan mutum ne.

An haifi Rudolf Diesel a birnin Faris a 1858, iyayensa Jamusawa ne. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870, dole suka gudu Landan. Yana ɗan shekara 12, kusan sa'anmu, aka tura shi garin Augsburg na Jamus wurin dangi. Ya dage da karatu har ya zama injiniya.

A 1897 injin da ya ƙirƙiro ya fara aiki sosai. Ba ruwansa da fulogi irin na injin fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, a fesa mai, ya kama da kansa. Injin fetur ba zai jure wannan matsi ba. Shi ya sa in bakanike zai mayar da tsohuwar mota mai shan gas, sai ya sauke injinta ya ɗora wani.

A bajekolin Faris na 1900 an tayar da irin injinsa da man gyada, irin wanda iyayenmu mata suke matsewa.

A watan Satumba 1913 ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. Da gari ya waye ba a gan shi ba. Bayan kwanaki aka tsinci wata gawa a teku da kayansa a jikinta.

Yau injin yaron nan ɗan gudun hijira ne yake niƙa mana garin tuwo.