Abu Zaid al-Balkhi: Malamin da ya ɗauki baƙin ciki a matsayin ciwo mai magani

An haifi Abu Zaid Ahmad ibn Sahl al-Balkhi a wajajen shekarar 850 Miladiyya a ƙauyen Shamistiyan, kusa da birnin Balkh, a ƙasar Afganistan ta yau. Mahaifinsa malamin yara ne. Yana saurayi ya tafi Iraƙi neman ilimi, ya yi shekara takwas a can, ya yi karatu a gaban al-Kindi, babban masanin falsafa na Bagadaza. Da ya komo gida ya koyar, daga baya ya zama magatakardan mai mulkin Balkh. An ce muƙamin waziri aka fara yi masa tayi, ya zaɓi alƙalami.

Masu tarihi sun lissafa masa littattafai sama da 40, amma kaɗan ne suka tsira. An fi saninsa da ilimin taswirar ƙasashe, fannin da al-Istakhri da Ibn Hauƙal suka bi sawunsa a kai. Littafin da ya dawo da sunansa bakin mutane a wannan zamani kuwa shi ne Masalih al-Abdan wal-Anfus, kan kula da lafiyar jiki da ta rai.

Kashi na biyu na littafin, mai babi takwas, ya keɓe shi ga ciwon rai. Ya yi ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun mayar da hankali kan jiki kaɗai, alhali mutum yakan yi shekaru bai kwanta ciwo ba, amma da wuya ya wuce 'yan kwanaki bai ji fushi ko tsoro ko ɓacin rai ba. Ya kasa cututtukan rai gida huɗu: fushi, tsoro, baƙin ciki, da waswasi.

A kan baƙin ciki ne ya fi nuna basira. Ya ce iri biyu ne. Na farko yana da sanannen dalili, kamar rasuwar makusanci ko karayar arziki. Manomin Kadawa da tsutsa ta cinye masa tumatir a 2016, ko ɗan kasuwar da gobara ta lashe rumfarsa, ya san abin da ke cin ransa. Na biyu kuwa yakan sauko wa mutum haka kawai, ya kashe masa jiki, ya hana shi aiki, ya ɗauke masa ɗanɗanon abubuwan da a da yake jin daɗinsu, a tambaye shi me ya faru ya rasa amsa. Al-Balkhi ya danganta wannan da sauyi a cikin jiki, musamman jini, ya ce maganin jiki yake buƙata, haɗe da hira mai sanyaya zuciya. Bayaninsa kan jini ya tsufa, likitancin yau ya wuce shi. Amma ganin da ya yi cewa wani baƙin cikin daga jiki yake tasowa, don haka bai kamata a bar mai shi da nasiha kaɗai ba, har yanzu ya fi fahimtar gidaje da yawa da ke kiran mai ciwon malalaci ko mai raunin tawakkali.

Ga mai sanannen dalili, ya ce magani ta hanya biyu yake zuwa: shawarar wani mai hankali daga waje, da tunanin da mutum yake horar da kansa a kai. Ya auna abin da ya rasa da lahanin da dogon jimami zai yi wa jikinsa. Ya tuna cewa musibar na iya fin haka muni, wasu sun sha irinta sun miƙe, kuma zafin rashi a farko yake tsanani, sannan ya riƙa sassautawa. Ya kuma ba da shawarar a tanadi irin waɗannan tunane-tunane tun ana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo.

Fiye da shekara dubu bayan haka, likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ya wallafa littafinsa kan ciwon damuwa a 1967. Ya bayyana cewa mai ciwon yana yi wa abu uku mummunar fassara: kansa, duniyar da ke kewaye da shi, da gobensa. Ma'aikacin da aka tsallake a ƙarin girma sai ya yanke cewa shi ba komai ba ne, kowa ya ƙi shi, kuma haka zai ƙare. Maganin da Beck ya gina shi ne a zauna da majiyyaci a binciki waɗannan tunane-tunane ɗaya bayan ɗaya, a gwada su da hujja. Nan ne hanyarsa ta haɗu da ta malamin Balkh. A yau likitoci kan duba ko ƙuncin rai da rashin sha'awar komai sun kai mako biyu, tare da sauyin barci da cin abinci, kasala, ko tunanin mutuwa. A Kano, asibitin Dawanau da na koyarwa na Aminu Kano suna duba masu irin wannan larura.

Al-Balkhi ya rasu a shekarar 934, wato 322 bayan Hijira. Rubutun hannu na littafin ya daɗe a ajiye a ɗakin karatu na Ayasofya da ke Istanbul, har Fuat Sezgin ya buga hotonsa a Jamus a 1984. A 2013 masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, Malik Badri, ya fitar da fassarar kashin da ya shafi rai cikin Turanci.